Turmi a Gaban Majistare

Sana'ata ginar rijiya da yasarta. Ita na tarar babana yana yi, ita na ɗauka, ko da yake yanzu da kowa ya koma burtsatse ba ta ciyar da ni yadda ta ciyar da shi. Amma akwai wani aiki da ya biyo ta wanda har yau ba a ƙwace mana ba. Idan mutum ya faɗa ruwa tsakanin Ƙofar Kaura da Ƙofar Kwaya, rijiya ce ko kududdufi, ƙofar gidanmu ake bugawa. Ba wai mun fi kowa zuciya ba ne. Muna da igiya, kuma mun saba da duhu da riƙe numfashi, shi ke nan. Na ciro masu rai, na ciro gawa, gawar ta fi yawa.

Shekarar da nake magana ruwa ya yi yawa. Damina ta wuce ta bar kududdufin da ke bayan kufan ganuwa cike taf, ga shi kore a sama, laka a ƙasa. Da an gama girbi masu buga bulon ƙasa suke saukowa daga ƙauyuka su kafa aiki a bakinsa, don ga ƙasa ga ruwa wuri ɗaya. Cikin waɗanda suka zo akwai wasu mutum biyu daga wani ƙauye arewa da gari, ɗaya dogo, ɗaya gajere mai faɗin kafaɗa. Ni kuma ina yasar rijiyar wani gida da ke kallon kududdufin, saboda haka inuwar itacen bedi ɗaya muke fakewa da rana, har mun ci rogo da ƙuli tare.

Taubasai ne. Uwar dogon ƙanwar uban gajeren ce. Wanda ya san wasan taubasai ya san ba sa buɗe baki sai da tsiya. Tun safe za ka ji dogon yana cewa, "Kai ragon banza, bulon ga naka ko kaza ta taka shi rushewa zai yi."

Gajeren ya ce, "Yi mani shiru, bawana. Ni da na saye ka da araha, kai za ka koya mani aiki?"

Haka suke wuni. Kwano ɗaya suke ci, rumfa ɗaya suke kwana.

Ranar da abin ya faru, jakuna sun bi ta kan ɗanyen bulonsu sun tattake, don gajeren ya manta bai kewaye shi da ƙaya ba. Dogon ya ɗauki ƙotar fartanya ya bi shi da gudu, suka zagaya tarin ƙasa, yana cewa yau sai ya raba shi da kunne. Ni ina kusa, na ga haƙoransu duka a waje. Mai shayin da ke can bakin titi ya hango gudun da sandar, bai hango dariyar ba.

Wajen hantsi ina can ƙasan rijiya na ji ihu ya sauko mani ta baki. Kafin maigidan ya tara mutane su jawo ni sama an ɗauki lokaci, kuma wannan lokacin shi ne komai. Abin da ya faru ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Masu bulo da rani suna haƙar ƙasa a gindin gaɓa, su bar rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum. Ruwa ya zo ya rufe shi. Kana ganin bakin kamar iya gwiwa ne, ka ƙara taki ɗaya babu ƙasa. Dogon ya shiga da jarka zai ɗebo ruwan kwaɓi, gaɓar ta zabtare da shi.

Da na iso na tarar da gajeren a cikin ruwa har wuya. Ya riƙe wata gora da aka miƙa masa da hannu ɗaya, yana lalube da ƙafa, yana kiran sunan ɗan uwansa. Bai iya ruwa ba ko kaɗan. Na ce a fizgo shi kafin su zama biyu. Na ɗaura igiya a ƙugu na shiga.

Ruwan kududdufi kamar kunu yake, ido ba shi da amfani a ciki, da hannu ake gani. Na nutsa na taso, na sake nutsawa. Jarkar na fara taɓawa, daga baya kafaɗarsa. Laka ta riƙe ƙafafunsa har gwiwa. Na zarga masa igiya ta ƙarƙashin hamata, na girgiza ta, mutanen sama suka ja.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da babana ya koya mani, kuma duk mai wannan aiki a garin nan shi ya sani. A kwantar da turmi a gicciye, a kifa mutumin a kansa, ciki a kan turmin, kai ya yi ƙasa. A riƙa mirgina turmin gaba da baya ana danna bayansa har ruwan da ya sha ya fito. Na yi kira a kawo turmi. Aka ruga gidan wata tsohuwa mai sayar da fura aka gangaro da nata, babba, na kirya. Muka kifa shi. Na sa gwiwa a bayansa na danna, wasu biyu suna mirginawa. Ruwa ya fito ta baki da hanci, da laka, da ragowar kokon safe. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin gwiwata, na san haƙarƙari ne, ban daina ba. Ƙashi ana ɗora shi idan mutum ya tashi. Gajeren yana durƙushe ya rungume ƙafafun yana murza su, yana cewa, "Tashi mana, wasa ya ƙare, tashi."

Bai tashi ba. Da na ga idon na san aikin banza muke yi. Na ce a sauke shi, aka rufe shi da tabarma, aka aika wa mai unguwa. Ni kuma sai a lokacin na lura fasasshiyar kwalba ta yanke ni a tafin ƙafa, jini yana ta zuba. Na ɗingisa zuwa kemis aka wanke aka ɗaure, na wuce gida na kwanta. A zatona da la'asar za a sallace shi. Babana ya sha gaya mani yadda ake yi a zamaninsu: mai unguwa ya zo da ɗan doka, su tsaya a bakin ruwa su dubi gawa, su tambayi wanda ya gani da wanda ya ciro, a kai wa alƙali bayani, a ba da izinin binnewa kafin rana ta faɗi. Ni ma a nawa zamanin yawanci kusan haka ake ƙarewa.

Washegari a teburin mai shayi na ji sauran. 'Yan sanda sun zo bayan tafiyata. Da ganin motarsu taron ya watse, kamar yadda aka saba, kowa ya tuna yana da aiki. Aka bar gajeren shi kaɗai a kan gawa, jiƙe sharkaf, bakinsa ba ya haɗa magana. Suka ɗaga tabarma suka ga ciki da ƙirji duk jini ya kwanta, hamata ta sale, baya ya yi shata. Suka tambayi mai shayi, don shi ba ya iya gudu ya bar tukunyarsa.

"Ni dai abin da na gani na faɗa," in ji mai shayin da na tambaye shi, yana ta goge kofin da ya riga ya goge. "Na ga ya bi shi da sanda da safe."

"Wa ya bi wa?"

"Dogon ya bi gajeren."

"To wanda aka bi shi ya kashe wanda ya bi shi ke nan?"

"Malam, ni shayi nake sayarwa."

'Yan sandan sun tafi da gawar asibiti, sun tafi da gajeren caji ofis.

Na koma gida na ce wa matata ta ɗauko mani rigata ta Juma'a. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta dube ni.

"Ina za ka da wannan ƙafar?"

Na gaya mata.

"Malam, ka je ka ce masu mi? Ka ce kai ka karya shi? Su ce madalla, ga wanda muke nema ya kawo kansa. Mutum nawa suka tsaya a wurin? Duk ba su da baki sai kai?"

"Su ba su sa gwiwa a bayansa ba."

"Ɗan uwanka ne?"

"Rogo muka ci tare."

Ta ce rogo dai, rogo dai. Amma ta ɗauko rigar, ta kuma ɗaura mani leda a ƙafar kada ƙasa ta shiga.

A caji ofis na sami wani sajan mai furfura a gemu. Na yi masa bayani daga farko. Ya ajiye biro ya ce, "Tsaya. Kai da bakinka kake cewa kai ka karya masa haƙarƙari?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Da mi?"

"Da gwiwa, a kan turmi."

"Turmi. Sakwara kuka mai da shi?"

Na ce ba dariya na zo yi ba. Ya daina. Ya rubuta abin da na faɗa, ya ce amma maganar ta wuce teburinsa. Wan marigayin ya iso daga ƙauye, ya ce bai yarda ba, sai an bincika. Saboda haka za a kai gaban majistare a yi zaman binciken mutuwa, kuma kafin nan gajeren yana hannu.

Wan yana zaune a benci a waje. Dogo ne shi ma, ya girme ni kaɗan, idonsa ja. An riga an ba su gawar bayan likita ta duba, sun binne. Na gaishe shi na yi masa ta'aziyya, ya amsa da ƙyar. Na ce ni na ciro ƙanensa, na fara yi masa bayanin turmi. Ya ɗaga mani hannu.

"Ni na wanke shi da hannuna. Na ga jikin yaron nan. Ruwa ba ya karya ƙashi."

"Ruwa bai karya ba. Ni na karya."

"Ku mutanen birni bakinku ɗaya. Ban san ka ba, ban san wanda ya turo ka ba."

Ban ji haushinsa ba. Wanda ya wanke ɗan uwansa ya ga abin da ya gani, magana ba ta goge shi. Daga bakinsa na ji yadda gida ya kasance. Uwar marigayin ta daina shiga gidan wanta, uban gajeren. An ja layi a tsakiyar dangi, har a masallaci ba sa haɗa sahu. Ko an saki gajeren, in dai wannan mutumin bai yarda ba, ba shi da garin komawa.

Shi ya sa da ranar zama ta zo na ce baki kaɗai ba zai yi ba. Na nufi gidan tsohuwa mai fura. Turmin yana nan yashe a waje jikin katanga, awaki suna hawa.

"Inna, aron turminki na zo."

"Aro? Ɗauki ka tahi da shi gaba ɗaya. Turmin da aka ɗora wa gawa ni zan daka furar mutane a ciki? Tun ran nan ko kallonsa ba na yi. Kun lalata mani turmi, ko sannu babu wanda ya zo ya ce mani."

"To sannu, Inna."

"Riƙe abarka, ta yi sanyi."

Na tsayar da mai keke Napep, muka cicciɓa shi ciki. Sai da muka kai tsakiyar hanya ya tambaye ni abin da za a daka a kotu. Da na gaya masa tarihin turmin, ya yi salati ya ƙara wuta.

Ɗakin kotun ba shi da girma. Majistaren mutum ne mai sanyin magana. Ya fara da cewa ba shari'ar kowa ake yi ba yau, ana son a san wanda ya mutu, inda ya mutu, da abin da ya kashe shi. An kawo gajeren ya zauna a gefe tsakanin 'yan sanda. Ya rame, kafaɗun nan duk sun zube. Mai shayi ya yi nasa bayani, yau kam ya tuna cewa kullum haka suke yi. Gajeren ya yi nasa, rabi kuka ya cinye. Aka kira ni.

Na faɗi abin da na yi, ban ƙara ba ban rage ba. Majistare ya ce bai gane yadda turmi zai yi wa mutum wannan aika-aika ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, yana waje."

"Wa?"

"Turmin."

Aka yi dariya, ya buga tebur, ya ce a shigo da shi. Muka gangaro shi tsakiyar ɗaki. Ya ce in nuna. Na ce sai da mutum. Ya dubi ɗan sandan da ke bakin ƙofa, ɗan sandan ya dubi silin. Ƙarshe masinjan kotu aka sa, wani siriri, ya cire hula yana cewa, "Malam, a hankali, ina da iyali." Na kifa shi, na nuna inda bakin turmin yake cin ƙirji da inda gindinsa yake cin mara, na ɗora gwiwa inda na ɗora wa marigayin. Mirginawa ɗaya na yi, ba da ƙarfi ba, ya yi ƙara ya ce ya shaida, a sauke shi. Ya ɗaga riga da kansa, ga jan layi a ƙirjinsa. Na saci kallon wan marigayin. Ya miƙe tsaye daga bencinsa yana leƙe.

Likitar da ta duba gawar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce ta sami ruwa da laka har cikin huhu, alamar yana numfashi lokacin da ya nutse. Ta ce babu rauni a kai, babu a wuya, babu a hannu irin na wanda ya kare duka. Raunin ƙirji da na ciki a jere suke, sun yi mata kama da abin da aka danna mutum a kansa, amma ba ta san ko mene ne ba sai yau. Ta zagaya turmin ta duba bakinsa ta ce ya dace.

Daga nan ta juyo kaina, ba wanda ya tambaye ta.

"Malam, ka daina wannan. Ruwan da kake fitarwa na ciki ne, ba shi ke kashe mutum ba. Iska yake nema. A kwantar da shi rigingine, a hura masa numfashi a baki, a danna tsakiyar ƙirji. Lokacin da kuke ɓatawa wajen neman turmi shi ne lokacinsa."

Na ce, "Likita, na tashi mutane a kan turmi da hannuna."

"Waɗanda suka tashi da sauran numfashinsu. Ko ba turmi za su tashi."

Ban ji daɗin maganar ba, a gaban mutane kuma. Amma na tambaye ta abin da ya dame ni, na ce wannan fa, da na yi yadda ta ce, zai tashi? Ta ce a yadda aka ba da labarin daɗewarsa a ƙasa, ba ta zato. Ta ce in zo asibiti ta nuna mani da hannu. Na je daga baya, ta nuna mani a kan wani mutum-mutumin roba, kuma yadda ta ce nake yi yanzu. Tsofaffin unguwa har yau in ana ciro mutum sai sun yi ihun a kawo turmi, ni kuma in ce a ba mutumin wuri ya sha iska.

Majistare ya yi rubutu mai tsawo, ya karanta. Ya ce mutuwa ce ta hatsari, nutsewa a ruwa, babu hannun kowa. Ya ce raunukan an yi su ne wajen ƙoƙarin ceto. Ya ce bai ga dalilin ci gaba da riƙe gajeren ba, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce su ma haka. Ya ƙara da cewa a rubuta wa hukuma a kewaye ramukan bakin kududdufin. Wannan kam har yau ban ga an yi ba.

Sai bayan azahar aka gama sallamar gajeren. Na jira a gindin wata darbejiya a harabar kotun, don ƙafata ba ta son tsayuwa. Ya fito da 'yar ledarsa a hannu, ya tsaya a rana yana ƙifta ido, bai san inda zai nufa ba. Ya zo ya durƙusa zai yi mani godiya, na ce ya tashi, ba ni ne abin dubawa ba. Wan marigayin yana tsaye can bakin ƙofar fita, ya juya mana baya. Bai tafi ba, kuma motar ƙauyensu ba ta jiran kowa.

Ya daɗe a haka. Can ya tako ya zo, ni ya yi wa magana, bai dubi gajeren ba.

"Da ka iso bakin ruwan, ina ka same shi?"

"A ciki, har wuya."

"Wanga? Ko rafin garinmu ba ya tsallakawa in ya kawo."

"Da ƙyar aka fizgo shi."

Ya murza hularsa a hannu. Gajeren yana durƙushe, kansa a ƙasa. Wan ya ce, "Innarmu ba ta ji daga bakin wanda yake wurin ba. Kowa da abin da yake kai mata. Kai za ka zauna gabanta ka faɗa mata, tun daga safe, kada ka tsallake komai."

Gajeren ya ce to.

"Ba na ce ta yarda ba. Na ce za ka faɗa mata."

Ya sake cewa to.

"To tashi mana, ko nan za ka kwana?"

Ya tashi. Wan ya yi mani sallama a gajarce, ya ce Allah ya ba da lada, ya yi gaba. Gajeren ya bi shi a baya da ledarsa, da 'yar tazara a tsakaninsu. A bakin titi wan ya tsayar da mai babur ɗaya, ya hau, ya matsa gaba ya bar masa wuri.